Dogon Da Kika Siffanta A Ajina

Zuwa ga hasken idona, sanyin safiyata, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, farin watan da na ɗauka ni kaɗai yake haskawa,

Ina gaishe ki. Kin tuna ranar da na ɗauko ki daga shagon ɗinkinki, na kai ki ajin yamma inda nake koya wa manya Turanci? Kika ce kin gaji da yi wa masu kawo ɗinki murmushi in sun juya harshe zuwa Turanci. Na ce matar da zan aura ba za ta sunkuyar da kai gaban kowa ba. Kika zauna a bencin gaba, tef ɗin awo rataye a wuyanki, ni kuwa na manta da sauran ajin.

Da muka zo darasin sifa, wato kalmomin da ke bayyana kamannin mutum ko abu, ai zautuwa na yi! Sifar launi, na nuna mayafinki. Sifar adadi, na ƙirga yatsunki. Sifar kwatanci, na rasa wadda zan gwada ki da ita. Da aka zo sifar mallaka, nawa da naki, alli ya karye a hannuna, aji ya kwashe da dariya, har tsohon maigadin nan na bencin baya ya ce malam ya yi nisa.

Kin san tsarina, ba na yin jarrabawar takarda. Ƙarshen zango kowa zai miƙe ya siffanta wanda ya fi ƙauna, da Turanci, ba tare da ya kama suna ba. Maigadi ya siffanta jikarsa. Da aka zo kanki na gyara wuyan riga, na shafa gemu, ina ta washe baki.

Kika ce dogo ne. Ni da sai na taka kujera nake goge saman allo? Na ce a raina, so ne ya ƙara mini tsawo. Kika ce shiru-shiru ne. Ni, da ko tsuntsu bai kai ni surutu ba? Sai kika ce tafukansa baƙaƙe ne da man inji, muryarki ta yi laushin da ban taɓa ji ba. Kowa a aji ya juya wajen taga. Ga shi can jingine da bango, mai gyaran keken ɗinki, wanda ni da ƙafata na kawo miki shi ranar da kekenki ya cije, ni da bakina na roƙe shi ya riƙa raka ki gida tunda ina tsayawa kulle aji. Wayyo ni! Wane irin cin amana ne wannan, a ajina, da kalmomina, ido na ganin ido?

Abin da ya fi ƙona mini rai, ko kuskure ɗaya ba ki yi ba. Na nema, wallahi na nema, ban samu ba. Na ba ki maki cikakke, don ni ba na tauye haƙƙi.

Yayanki har yau surukinmu yake ce mini in mun haɗu, kuma ban gaya masa abin da ya faru ba. Ya ke sanyin raina, ki zo ki ce tsoron jarrabawa ne ya ruɗa ki. Ƙarya ce, na sani, amma na rantse zan yarda! In kuwa gaskiya kika faɗa, ki maimaita mini da Hausa, ni kaɗai, ba a gaban jama'a ba. Ba zan tona ki ba, ba kuma zan daina son ki ba.

Naki har numfashi ya ƙare,
Malamin da ya koya miki yadda za ki yabi wani.