Sashen Kang Tatang

Litinin, 6 ga Mayu
Shugabanmu Pak Yayat ya ɗora mini aikin haɗa bayanan API na duk sassan manhajar asibitin nan, wato yadda sassan ke magana da juna, su zama kundi ɗaya. Kowane sashe da wanda ya gina shi, kowa kuma ya yi bayaninsa yadda ya ga dama. In wata ya ƙare ba mu miƙa ba, kwangila ta tafi. Na ce to. Sai da na zauna na tuna sashen rajistar marasa lafiya na tsohon abokin aikinmu Kang Tatang ne.

Laraba, 8 ga Mayu
Kowane sashe yana fitowa lafiya shi kaɗai, da an zo haɗawa sai komai ya watse a kan nasa. Dole na buɗe. Tun bara ya koma aiki Japan, amma rubutunsa kamar yana nan kujerar kusa da ni. Wani wuri ya sa: "Kada a taɓa layin nan, ni ma tsoronsa nake." Na yi dariya ni kaɗai, daga nan na tashi na shiga banɗaki na daɗe.
Ban taɓa gaya masa abin da ke raina game da shi ba. Ta ina zan fara?

Juma'a, 10 ga Mayu
Na tura masa tambaya. Kan aiki kawai.

Talata, 14 ga Mayu
Shiru. Ruwa tun azahar. Teh Euis mai gwajin manhaja ta kama ni ina leƙen waya. "Neng Ris, ko kallonta za ki yi har Magariba ba za ta haihu ba. Ci soyayyen batagor ɗinki kafin ya huce."
Pak Yayat ya ce in goge barkwancin Kang Tatang duka. "Asibiti za mu kai wa, Neng."

Alhamis, 16 ga Mayu
Ya amsa. "Ayya Ris, wallahi na manta yadda na yi shi. Yi yadda kika gani."
Ya manta. Ni kuwa har waƙafinsa na haddace.

Laraba, 22 ga Mayu
Na gano matsalar. Suna ɗaya ya ba abubuwa biyu, shi ya sa suke karo da sashen magunguna. Na gyara, kundi ya haɗu tsaf. Wurin sunan mai kula da sashen na sa nawa, ban tsaya tunani ba.
Teh Euis ta ce in zo, Asabar za su hau dutse a garin Lembang, har da wani ɗan baffanta. Na ce mata zan duba.
Takalmin hawan dutsen dai na riga na saya.