Sunaye Arba'in da Uku a Cikin Gwangwani

Jojiya, Amurka, 14 ga Maris, 1998

Zuwa ga Yaya Cleophus,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Ina roƙon Ubangiji Ya sa wasiƙar nan ta same ku lafiya, Ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan a sanyin Detroit. Mu nan kalau muke. 'Yata Lorene ta sauka, namiji, sun sa masa sunanka. Inna Verlene, ƙanwar Mama, ta cika tamanin da bakwai, bakin nan kuwa yana nan yadda ka san shi.

Yaya, an rushe zauren taron unguwarmu ranar Talata. Tun bara aka ce sabuwar hanya ta nan za ta bi. Mun kai kuka, mun sa hannu a takardu, ba a saurare mu ba. Ƙarfe tara motar rusau ta iso, kafin sha biyu babu komai sai tarin ƙasa. Na tsaya a tsallaken titi ina kallo. Na zaci zan yi kuka, ban yi ba. Na koma gida na dafa wake, na ci, na wanke kwano.

Ka fi ni tuna yadda aka gina shi, lokacin da baƙar fata ba ya taka ɗakin karatu na gari. Su Baba suna tasowa daga masaƙa su kama ɗora bulo, su Mama suna soya kifi suna sayarwa ran Juma'a don a sayi kwanon rufi. A ciki manya suka koyi karatu don jarrabawar da ake yi mana kafin a ba mu katin zaɓe. A ciki aka yi rawar bikinka. Ranar da ake rushe shi ina jero waɗannan a raina, amma kamar labarin wasu mutane nake ba kaina.

Matuƙin motar jikan marigayi Dikin Purvis ne, dattijon cocinmu. Inna Verlene ta tare shi da sandarta, ta ce ya bi a hankali, ɗan nema, a ɗakin nan kakansa ya koyi rubuta sunansa yana da furfura. Ya cire hula ya ce ta yi haƙuri, aiki aka sa shi. Ta ce ta sani, shi ma kakan nasa haka yake cewa.

Matuƙin nan ne ya tsinci wani gwangwani a cikin harsashin ginin, ya kawo mini har gida. Takarda ce a ciki, sunayen waɗanda suka yi aikin, mutum arba'in da uku. Goma sha ɗaya dangwale suka yi, wani ya rubuta sunan a gefe. Na Baba yana cikinsu.

Jiya hukuma ta aiko cewa za ta kafa allon tunawa a bakin hanyar, ni aka ce in rubuta abin da za a sa, kada ya wuce kalma ashirin. An ce da babu gara ba daɗi. Tun safe nake zaune da biro ban rubuta ko ɗaya ba. Na kwafe maka sunayen a bayan wasiƙar nan. Kai ne babba, ka duba ka gaya mini wa za mu cire.

Ka gaida Anti Lucille da su Darnell da Renita. Inna Verlene tana gaishe ka, ta ce ka zo tana raye, ba ta son furen kan kabari.

Ƙanwarka,
Odessa