An Cire wa Auta "A'a"

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar taki, da sauƙi dai ko?

Yaya, raina a ɓace yake. Kin san allon hotunan nan da Auta take nunawa da yatsa, tunda ba ta iya magana da baki. Jiya ta dawo daga makaranta an ɓamɓare mata katin da aka rubuta "A'a", sai tabon gam kawai. Wallahi ji na yi kamar harshenta aka yanke.

Da safe na je. Malamarsu ta ce wai Auta ta cika musu. Ashe duk lokacin karatu sai a tura ta baranda a keken guragunta, wai ta huta, ita kuwa ta yi ta dukan "A'a" don tana son zama a aji. Shugaban makaranta ya ce ko a bar allon haka, ko in riƙe 'yata a gida. An bar mata "To" da "Na gode". Kin ji fa! Ɗaliba suke so ko aku?

Ba su san da wa suke yi ba. Ni tela ce. Na ɗauko rigunan makarantarta duka biyun, na ɗinka "A'a" da jan zare a hannun hagu, ɓaro-ɓaro. In sun isa, su tuɓe mata riga.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Saƙonki ya iso, Allah Ya bar zumunci. Amma haƙurin da kika ce in yi, ban yi ba.

Ranar Litinin aka kira mu ofis, ni da Auta. Shugaban ya yi ta faɗa a kan kanta, kamar ba ta wurin. Na harzuƙa, na ce su riƙe makarantarsu, na juya keken za mu fita. Sai Auta ta ɗaga hannu da ƙyar, ta ɗora yatsa a kan ɗinkin nan, tana kallona cikin ido. Sau uku, Yaya. Ni ta ce wa a'a!

Na sake tambayarta ko mu tafi gida, ta sake dannawa. Shugaban ya buɗe aljihun tebur, ya ɗauko katin ya miƙa mata ba tare da ya dube ni ba.

Yau tana layin gaba a aji. Hawaye na yi a hanya, ba zan ɓoye miki ba. Tunda nake, ba a taɓa ƙin maganata na ji daɗi haka ba.

Taki har kullum,
Maman Auta.