Wankan Ummi da Tambarin Zinare

Laraba, 21 ga Agusta, 2024

An sallamo matata Batul daga asibiti. Tiyata aka yi mata wajen haihuwa, likita ya ce kada ta sunkuya, kada ta ɗaga ko buta cike da ruwa sai ɗinkin ya kama. Yarinyar lafiya lau, gashi cike da kai, hancin gidanmu sak. 'Yata. Na rubuta kalmar na tsaya ina kallonta.

Abin da ya dame mu ɗaya ne, wa zai riƙa yi wa yarinyar wanka? Mahaifiyar Batul ta rasu tun kafin aurenmu. Iya tana Katsina tana jinyar Baba, ta ce sai ya samu sauƙi za ta taho. Aiki ne ya kawo mu Gombe, a nan unguwar Dawaki ba mu da kowa sai maƙwabta. Yau dai Maman Danny ce ta goge mata jiki, wato Juliana ta gidan da ke jikin namu. Nas ce, Allah ya saka mata.

Juma'a, 23 ga Agusta

An samo mana wata tsohuwa. Ruwan da ta haɗa ko ni ba zan iya sa ƙafa a ciki ba. Batul ta ce a ba ta haƙuri a sallame ta. Na sallame ta da girmamawa.

Lahadi, 25 ga Agusta

Suna. Ummukulthum, sunan mahaifiyar Batul. Ummi za mu riƙa kiranta.

Yaya Zulkifilu, wan Batul, ya zo daga Abuja da wani babban kwando a naɗe da leda mai ƙyalli. Sabulun ruwa, shamfu, man shafawa, hoda, har da turaren jarirai. Kowace kwalba da tambarin zinare a ƙirjinta kamar na sojan da ya dawo daga yaƙi. Ya ɗauki yarinyar idonsa ya cika, yana ce mata Mama. "Uwata ba za ta yi wanka da tarkacen kasuwa ba. Waɗannan sun ci lambar yabo, Shu'aibu, duba ka gani."

Na duba na gani. Na ɗora kwandon a kan tebur inda duk mai shigowa zai yi ido biyu da shi. Matan unguwa sun yi ta jujjuya kwalaben suna shinshinawa. Ba ƙarya, na ji daɗi.

Talata, 27 ga Agusta

Maman Danny za ta tafi kwas a garin Kaltungo, sai ƙarshen watan gobe. Da take faɗa mana sai Batul ta juyar da kai bango. Na san kukan da ba ya sauti.

Maman Danny ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baban Ummi, hannu biyu gare ka ko?" Na ce namiji ne fa ni. Ta ce ta lura.

Na tashi na rufe ƙofar gida da sakata kafin mu fara. Ta nuna mini yadda ake surka ruwa a gwada da gwiwar hannu, yadda wuyan yarinya zai kwanta a kan tsintsiyar hannuna, fuska da farko da ruwa zalla, ƙasa daga ƙarshe. Cibin ya riga ya faɗi, wannan tsoron ya wuce. Na kasa riƙe ta daidai. Ta ce kowa ma haka ya fara.

Na roƙe ta kada mijinta ya ji.

Alhamis, 29 ga Agusta

Ni kaɗai. Batul tana zaune a bakin gado tana ba da umarni kamar kwandasta. Ummi ta yi kuka da na cire mata riga, amma da ruwan ya taɓa bayanta sai ta yi shiru, ta buɗe ido ta kafe ni da su. Ba ta suɓuce ba. Kumfa bai shiga idonta ba. Na naɗe ta a tawul na miƙa wa uwarta, rigata jiƙe har ciki.

Na je ofis a makare, ina ta murmushi ni kaɗai a cikin keke. Da an tambaye ni da na ce albashi ne ya shigo.

Lahadi, 1 ga Satumba

Na ƙware. Safe da yamma, komai na kwandon Yaya sai na taɓa: sabulu, shamfu, mai, hoda, ɗigon turare a riga. Ɗakin har ƙamshin kantin zamani yake yi. Robar wanki da muke amfani da ita ce kawai ba ta yi mini ba, tana da santsi kuma ta yi zurfi.

Laraba, 4 ga Satumba

Ƙuraje. Jajaye, ƙanana, a wuya da hammata da bayan gwiwa. Fatar kumatunta ta bushe tana ɓarewa. Ba ta kama nono sosai, sai mutsu-mutsu da kuka.

Batul ta ce da ita ke wankan da haka ba ta faru ba. Daga baya ta ce ba haka take nufi ba. Na san ba haka take nufi ba. Duk da haka.

Alhamis, 5 ga Satumba

Asibiti. Likitar ta duba ta tsaf, ta ce ba zazzaɓi, ba cuta ba ce, fatar ce ba ta son wani abu. Ta tambayi me muke sa mata. Na fara lissafowa da alfahari, har na ce ai masu lambar yabo ne. Ba ta ko ɗago kai ba. "Suna da ƙamshi?" Na ce sosai. Ta ce a dakatar da duka. Ruwa mai ɗumi zalla, sabulu maras ƙamshi jefi-jefi, basilin fari ko man kaɗe mai tsabta a shafa. Hoda kuma a ajiye ta gaba ɗaya, tana shiga hancin jariri. Wanka sau ɗaya ya isa. Idan bai lafa ba mu dawo.

Ta tambayi wa ke yin wankan. Na ce wata 'yar'uwarmu. Batul ta kalli silin.

Asabar, 7 ga Satumba

Yaya Zulkifilu ya kira ya ga Mamansa a bidiyo, ya ga ƙurajen. Batul ta faɗa masa abin da likita ta ce. Ransa ya ɓaci. Ina jiyo muryarsa daga tsakar gida: kayan da Turawa suka ba lambar yabo ba za su ɓata fatar yaro ba, sai dai ruwanmu, ko hannun mai wankan. Wa ma ke yi? Batul ba ta iya ƙarya ba.

Ta ce masa ni ne. Sannan ya ce zai turo mota a ɗauko ta da yarinyar su yi arba'in a gidansa, tunda mu nan wasa muke yi da ran mutum.

Yayan matata ne, dole in girmama shi. Amma ba inda 'yata za ta je.

Lahadi, 8 ga Satumba

An wuni ana ruwa, ban fita ba. Na sauko da kwandon na zauna da kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Sai yau na karanta bayansu. Turare yana cikin abubuwan farko da aka jera a kowace ɗaya, da launi iri biyu.

Sai tambarin. A ƙasan zinaren akwai wani rubutu sirit, sai da na ɗauke shi hoto na buɗa shi a waya. Sunan wata mujalla ne da shekara, shekarar ma ta daɗe da wucewa. Na bi sunan a intanet har na samo shafin gasar. Gaskiya ne kamfanin ya ci lamba, Yaya bai yi ƙarya ba. Amma a rukunin kyawun kwalba da kwali ya ci. An yaba yadda murfin ke buɗewa da hannu ɗaya. Ba wanda ya shafa wa jariri komai kafin a ba su.

Na kira Batul na nuna mata. Ta riƙe cikinta tana cewa in daina ba ta dariya, ɗinki zai buɗe. Murfin kam yana buɗewa da hannu ɗaya, wannan na shaida.

Ni na gano wannan. Da kaina.

Talata, 10 ga Satumba

Na biya Kasuwar Gombe bayan an tashi aiki, layin masu kayan jarirai. Yanzu da idona ya buɗe, ko'ina tambari nake gani. Wani na zinare, wani na azurfa, wani da hoton kofi. Na ɗauki wani sabulu na tambayi mai shagon wa ya ba shi lambar. Ya ce kamfani. Na ce kamfanin ne ya ba kansa? Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ni dai haka ake kawo mini." Wani kuma an rubuta zaɓin iyaye mata, ba sunan wanda ya tara matan, ba shekara.

Na sayi sabulu ɗan ƙarami fari, ba ƙamshi, abubuwan da ke cikinsa ba su fi layi biyu ba, da lambar NAFDAC a jiki. Basilin, tawul biyu na auduga masu laushi, man kaɗe wajen wata mata da na ga tana tacewa da kanta.

Har na juya sai na ga wani baho mai wurin jingina bayan jariri, ƙasansa da kaushi-kaushi. Shi ma da tambari. Na so in wuce don haushi, amma na tsaya na bincika a waya. Wannan daban ne. Sun faɗi su waye alƙalan, ungozomomin asibiti da iyaye, sun gwada shi da jarirai na gaske, sun rubuta abin da suka yaba da abin da suka kushe. To ashe ba duka ne banza ba, sai dai mutum ya tambaya. Na sa hannu na murza ƙasansa, na danna gefensa in ga ko zai lanƙwashe. Na saya. Mai shagon ya ce madam ce ta aiko ni? Na ce eh.

Asabar, 14 ga Satumba

Wuyan ya washe. Saura kaɗan a hammata. Tana kama nono kamar mai rama bashi.

Litinin, 16 ga Satumba

Kumatunta sumul. Na ɗauki hoto a hasken taga.

Na daɗe ina tunanin yadda zan yi da Yaya. Zuciyata ta so in tura masa shafin gasar nan ba tare da ko kalma ɗaya ba, ya karanta ya ji yadda na ji. Amma na tuna fuskarsa ranar suna. Don uwarsa ya sayi kayan nan. Sai na kira shi da kaina, na gaishe shi, na tura hoton. Na ce kayan masu kyau ne, fatar Mama ce ba ta son turare, kuma lambar ta kyawun kwalba ce, ni ma ban lura ba sai da na bincika.

Ya ce, "Kwalba?" Na ce kwalba, Yaya. Ya yi tsaki, ba da ni ba. Ya ce yarinyar kantin ta rantse masa. Can ya ce, "Har yanzu kai ke yi mata?" Na ce ni ne. Ya ce to a riƙa kula da kunnuwanta. Maganar mota ba ta sake tasowa ba.

Batul ta karɓe man shafawar da turaren, ta ce ita fatarta ba ta da gardama.

Juma'a, 20 ga Satumba

Baba ya samu sauƙi, Iya ta iso. Ta zo da sabulun salo da soso da ƙullin magunguna. Na roƙi Batul kada ta faɗa mata komai. A wurinmu ko ɗaukar ɗan fari a gaban iyaye abin kunya ne, balle wanka.

Asabar, 21 ga Satumba

Iya ta haɗa ruwa, tururi yana tashi. Ummi ta tsala kuka tun kafin a sa ta. Ina tsakar gida ina yin kamar ina gyaran mashin, ƙafafuna suka kai ni bakin ƙofa ba da izinina ba. Na ce, "Iya, ruwan ya yi mata zafi. Kuma likita ta hana soso."

Ta dube ni. Ta dubi Batul. Ta dubi bahon da ƙaramin sabulun da tawul a jere yadda nake jera su. Iya ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ne na fari. Ta ce, "Kai, wa ke wanke yarinyar nan tun da aka haife ta?"

Na sunkuyar da kai.

Ta juya Ummi, ta duba wuya, ta buɗa hammata, ta leƙa bayan kunne, ta bi tsakanin yatsun ƙafa. Ta daɗe. Sannan ta ja kujerarta baya ta ce, "Surka in gani."

Na yi wankan a gaban mahaifiyata, gumi yana keto mini. Gyara ɗaya ta yi mini, wai ina saurin ɗago ta daga ruwa. Da yamma na ji tana waya da Baba tana cewa jikar tasu fatarta kamar ta 'ya'yan Larabawa. Ba ta faɗa masa sauran ba.

Alhamis, 26 ga Satumba

Likita ya ce ɗinkin Batul ya kama, za ta iya komai a hankali. Yau ita ta yi wankan, Iya tana gefe. Ta yi kyau. Na huta, dama aikin ya ishe ni.

Lahadi, 29 ga Satumba

Mun raba. Ranakun aiki nata, Asabar da Lahadi nawa. Don ta samu hutu ne kawai.

Da hantsi na sa Ummi a ruwa kenan aka yi sallama a ƙofar gida. Abokina Usaini ne da mutanen majalisarmu, za mu je ɗaurin aure a unguwar Manawashi. Ƙofar a buɗe take, ban san yaushe na daina sa sakata ba. Iya ta ce in ba ta yarinyar in fita. Sai na ji muryata ta ɗaga tana cewa su shigo zaure su ɗan jira, ina yi wa 'yata wanka.

Ban ji me suka ce ba. Ummi tana bugun ruwa da ƙafa, kuma ban gama bayan kunnen ba.