Wanda Ya Yi Ihu Shi Aka Kai Asibiti

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta masu lodin shanu,
Kasuwar Shanu, Potiskum.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina neman afuwa da na fito da maganar nan bainar jama'a. Na yi ta sintiri ofishinka har takalmina ya san hanya, kullum sai a ce in dawo bayan an tashi kasuwa.

Ni ne Garba na Yerimaram, mai riƙe igiyar gaba idan za a hau da sa mota. Kana tsaye a wurin ranar da baƙin bijimin nan ya fizge a bakin tirela, daminar da ta wuce. Igiya ɗaya muke riƙe da ni da Adamu, shi yana bayana. Ta karya masa ɗan yatsa, ta karya mini na tsakiya a hannun dama.

Na farko, Adamu ya kwarma ihu, ya faɗi yana birgima a cikin kashin shanu. Ni kuwa na cije, domin haka ku manyanmu kuka koya mana, cewa mai igiya ba ya kuka a gaban Fulani masu shanu. Nan take ka sa aka ɗauke shi a keke zuwa asibiti da sunan ƙungiya. Ni ka dafa kafaɗata, ka kira ni namijin duniya, ka ce in leƙa wurin mai ɗori. Yabon ya yi mini daɗi a ranar, amma yabo ba ya haɗa ƙashi.

Na biyu, a dubi abin da kowa ya samu. An ɗauki hoton hannun Adamu, aka ga karayar, aka sa masa siririyar waya ta riƙe ƙashin, da ya kama aka zare, aka yi ta koya masa motsa yatsan. Ni an ja nawa, an shafa man shanu, an ɗaure da kara da tsumma. Ban zargi mai ɗori ba, ya ɗora ƙafafun mutane da yawa suna tafiya. Sai dai tawa karayar a bakin gaɓa take, kuma ƙashin ya juya, abin da hannu ba ya gani sai hoto. Yau in na dunƙule hannu, yatsan sai ya hau kan ɗan'uwansa. Igiya zamewa take yi, ko lomar tuwo sai na yi dabara.

Na uku, ba zan ɓoye ba, kishi nake yi, kuma yana cina. Igiyar gaba yanzu tana hannun Adamu, ni an mai da ni mai kora daga baya da sanda. In ya miƙo hannu mu gaisa, ba fuskarsa nake kallo ba, yatsan nan nake kallo yadda yake lanƙwashewa lafiya lau kamar bai taɓa karyewa ba. Mutumin kirki ne, bai yi mini komai ba, wannan ma ya fi ƙona mini rai. Har hanya nake sakewa don kada mu haɗu a masallaci.

Na kai kaina wurin likita daga baya. Ya ce akwai sauran dama: a yi aiki a sake raba ƙashin, a daidaita shi, a bi da gashin ƙashi. Amma ya gargaɗe ni cewa in gaɓar ta gama sandarewa, ko an yi aikin ba lallai ta koma daidai ba. Kuɗin aikin ya fi ƙarfina.

Don haka ina roƙon ƙungiya ta tsaya mini kamar yadda ta tsaya wa Adamu, tun gaɓar tana ɗan motsi. Kuma daga yau duk wanda igiya ta ji wa rauni a kai shi a ɗauki hoto, ko ya yi kuka ko bai yi ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare gaɓoɓinka, Ya ba ka ikon yin adalci tsakaninmu. In kuwa ba za a yi ba, a faɗa mini gaba da gaba in san matsayina. Igiyata tana rataye a ɗaki, kuma jiya Adamu ya aiko, cikin ladabi, yana tambaya ko zan sayar.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Garba mai igiya, Yerimaram.