Kitson da Kika Bari a Kan Ladi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, dalilin wannan takarda shi ne in kawo miki wata damuwa da na rasa wanda zan kai wa. Na san ba za ki karanta ba. Na kuma san masu bibiyata a shafin nan za su karanta, wasu ma su ce Rabi da girmanta tana neman yin kuka a kan 'yar tsana. Su faɗa. Ke dai kin san abin da ke kan 'yar tsanar nan.

Inna, kamfanin da ke yin Ladi ya ce ya daina yin ta.

Kin tuna Ladi, 'yar tsanar takwararki Ummi, wadda na saya mata shekarar da ta fara makaranta a nan Greensboro. Kamfanin yana yin 'yan tsana na tarihi, kowace da ɗan littafin labarinta da tufafin zamaninta. Ita Ladi baƙar yarinya ce, 'yar manoman taba a nan jihar Karolina, tun lokacin da ba a barin 'ya'yan baƙaƙe su shiga makarantar farare. A labarin, a ƙafa take ratsa gonaki zuwa wata makaranta mai ɗaki guda. Ranar da Ummi ta gan ta a kanti tsayawa ta yi cak, ta kara hannunta kusa da na 'yar tsanar tana gwada launin fata. Ban tsaya shawara da kowa ba na ɗauka.

Da kika zo mana ziyara, sunan da kamfani ya raɗa mata ya ƙi zama a bakinki. Kika tambayi ranar da ta shigo gidan, muka ce Lahadi. Kika ce to ai Ladi ce, mene ne na wahalar da harshe. Har yau babu mai kiranta da wani suna a gidan nan.

Da farko ba kya ƙaunarta, kar ma ki musa. Duk sanda za ki yi salla sai kin ɗauke ta da yatsa biyu kin kai ta falo, kin juya fuskarta bango. Ranar da kika kwantar da ita a kujera ta lumshe ido, salatin da kika saka sai da ya fito da Baban Ummi daga banɗaki da sabulu a kunne. Kika ce Nasara dai ba su bar komai ba sai busa rai. Mun yi dariya har da riƙe ciki, ke kuwa kika ɗaure fuska kina hararar abar.

Sanyi ne ya shirya ku. Kin san gidanmu na McLeansville, can bayan garin Greensboro, gonaki hagu da dama, maƙwabcin da ya fi kusa sai an shiga mota. Ni ina wurin aiki, Baban Ummi yana kan hanya da babbar mota, Ummi tana makaranta. Ke da kika shekara da shekaru kina kitso a Funtuwa, mata sun yi layi a tsakar gidanki tun hantsi, ana hira ana ɓarar gyaɗa, sai ga ki zaune ke kaɗai kina kallon ƙanƙara ta taga. Na sha dawowa in tarar kin kitse bazar bargon da kika rufa da shi, ba ki ma san kin yi ba.

Ga kan jikarki a gabanki, cike da gashi, amma ta hana. Ummi da ta ga mataji sai gudu. Ta ce akwai zafi, ta ce 'yan ajinsu za su yi ta taɓa mata kai suna tambaya. Na so in danne ta, kika hana ni. Kika ce in bar ta, kan nata ne, ranar da ta so za ta kawo shi da ƙafarta.

Wata Asabar da rana kika ce a miƙo miki Ladi. Kika zauna a ƙasa, kika matse ta tsakanin gwiwoyinki kamar yadda kike yi wa yaran unguwa, kika lakato man kaɗanya, kika zaro kibiyarki daga gefen ɗankwali. Kina tsaga kina yi mata faɗa, wai ta daina motsi, wai ita ma ta koyi rakin uwar ɗakinta. Ummi ta fara leƙe daga bayan kujera. Kafin la'asar tana zaune jikinki tana riƙe miki mataji.

Shuku kika yi mata, ƙanana, tsagar nan miƙe kamar an ja da zare. Sannan kika yi abin da kike yi wa duk kan da ya fito daga hannunki: kitso ɗaya a bayan kunnen hagu kika juya shi baya, ya saɓa wa sauran, kika ɗaure bakinsa da baƙin zare. Kin sha gaya mana da shi kike gane aikinki a gidan biki, ko a cikin mata ɗari, da zarar ɗankwali ya zame. Kika yanki gefen tsohuwar atamfarki kika yi mata zani. Da kika gama kika ɗaga ta kika ce yanzu ta zama 'yar mutane.

Daga ranar ba ki ƙara ɗaukar ta da yatsa biyu ba. Fitar da ita lokacin salla dai ba ki fasa ba, amma a kafaɗa kike saɓa ta.

Kika koma gida da bazara. Damina ba ta ƙare ba aka bugo mini waya ina wurin aiki. Kafin in gama neman jirgi an kai ki. Da aka yi rabo, Yaya ya aiko mini da carbinki da zannuwa, na gode masa. Amma Inna, carbin nan a Makka aka saye shi, zannuwan kuma a kasuwa. Sana'arki ba irin wadda ake ajiyewa a akwati ba ce. Duk kitson da kika yi a duniya, na amare da na masu jego da na 'yan makaranta, mako biyu ko uku an tsefe shi. Na zauna na yi tunani, na gane cewa a duk faɗin duniyar nan kitsonki guda ɗaya ne ya rage, kuma a kan Ladi yake.

Shi ya sa ranar da ta suɓuce daga hannun Ummi a wurin ajiye motoci na masallaci, ta bugu da siminti, sai da na ji abin a ƙirjina. Kan ya tsage daga ƙeya zuwa wuya. Tsagin bai fi tsawon ɗan yatsa ba a lokacin. Yanzu ya ƙaru. Idan aka ɗaga ta kan yana rangaji, kuma tsagin yana hawa ne zuwa bayan kunnen hagu, daidai wurin kitson nan naki. Kowace safiya kafin in fita aiki sai na duba.

Ina ta cewa zan kai ta gyara, ina ɗagawa, sai ga sanarwar kamfani. Wai sun yi wa yarinyar ritaya, za su fito da sababbi na zamani.

Ba ki ga yadda iyaye suka tashi ba. Akwai wata baƙar Ba'amurkiya da muke aiki tare, Anti Gloriya, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ita ce ta fara nuna mini sanarwar a wayarta lokacin hutun cin abinci. Ta ce kakarta a irin wannan makarantar mai ɗaki guda ta yi karatu, kuma da 'yar tsanar nan ta samu ta buɗe wa jikokinta zancen da ta kasa buɗe wa 'ya'yanta. Ta ce in duba, fararen 'yan tsanan da ke jerin suna nan daram, sai wannan ce ta tsufa? Ita da matan cocinsu suna ta sa hannu a takardar koke. Ni ma na sa, ko da yake ban ga alamar kamfani zai waiwayo ba.

A zauren matanmu na waya kuwa abin ya rabu. Wasu sun bazama kantuna neman ta ƙarshe, wata har garin Charlotte ta tuƙa ta dawo hannu wayam. Wasu suna cewa dama gumaka ne, Allah Ya raka taki gona. Wata ta rubuto cewa 'yarta ta tambaye ta ko an daina yin ta ne don baƙa ce, kuma ta rasa amsar da za ta ba ta.

Ni damuwata ta fi tasu ƙanƙanta, ta kuma fi cin rai. Na buga wa sashen gyara na kamfanin. Wata yarinya mai ladabi ta ɗauka, ta yi mini bayani dalla-dalla. Su ba sa ɗinke kai ko liƙe shi. Cire shi suke yi ɗungurungum su sa sabo, da gashinsa da komai, tsohon kuma ba a mayar wa mutum. Ta ce tunda an daina yin ta, ƙarshen watan nan za su rufe karɓa, daga nan babu sauran kai ko da na magani. Na ce mata akwai kitso a kan, mahaifiyata ce ta yi, kuma ta rasu. Ta ba ni haƙuri, ta ce sabon zai zo da gashi mai kyau a taje.

Kin ji inda nake, Inna. In na aika ta, za ta dawo lafiya lau, ba hannunki a jikinta. In na riƙe ta, wata rana kan zai rabe biyu a hannun Ummi, kuma babu inda zan samo wani. Sun ma aiko da kwalin da zan saka ta. Yana nan bakin ƙofa, kullum sai na yi tuntuɓe da shi.

Baban Ummi ya ce roba ce, in aika a gyara wa yarinya abarta. Ba mugunta yake nufi ba, kin san shi, duk abin da ya lalace so yake a gyara kafin magariba. Amma na kama shi rannan ya sa tabarau yana duba tsagin, da kwalbar gam a hannu, ya daɗe bai taɓa ba, ya mayar ya ajiye.

Na kai ta shagon Hajiya Zainabu, 'yar Damagaram ɗin nan mai kitso da kuka saba a masallaci. Tana ganina da ita ta ce, "Ke Rabi, pupe ce fa, 'yar tsana!" Sai ta juya ta, ta ga kitson bayan kunne, ta daina dariya. Ta ce in sabon kai ya zo za ta yi mata irinsa kyauta, har da zaren, amma in sani hannunta ne zai fito, ba naki ba. Na gode mata na fito. A mota na zauna na kasa tayarwa.

Duk wannan ina ɓoye wa Ummi. Na ce yarinya ce, me zan ɗora mata. Ashe ta ji labarin ritayar a makaranta, ta kuma ga kwalin, ta karanta takardar da ke cikinsa. Kin san ta fi ni Turanci.

Jiya Asabar da hantsi ina wanke-wanke sai na ji ta a bayana. Ta ɗauko mataji, da man kaɗanya, da kibiyarki da kika bari na adana a cikin kwalla, ban san ma ta san inda take ba. Ta je tsakiyar falo ta zauna a ƙasa. Ta zaunar da Ladi a gabanta, ta juya mini ƙeyar 'yar tsanar yadda zan riƙa gani. Da Hausar nan tata mai tuntuɓe ta ce, "Mama, ki yi mini irin na Kaka. In Ladi ta fashe, yana kaina."

Inna, ta kawo shi da ƙafarta.

Kin san hannuna. Kin sha tsokanata cewa na riƙon biro ne, tsagata kamar hanyar tururuwa. Na matse ta tsakanin gwiwoyina, ina kallon Ladi ina kallon kanta. Na tsefe na sake, na tsefe na sake. Ta yi hawaye, ta damƙe gefen zanina, amma ba ta tashi ba. Da na zo bayan kunnen hagu na juya kitson baya, ya fito a karkace, na ɗaure da baƙin zare. Sai da na gama na lura ni ma fuskata ta jiƙe. Ta shafa wurin ta ce in bar shi haka.

Kwalin mun naɗe shi mun kai shara. Baban Ummi da kansa ya fitar. Na naɗa wa Ladi zare a wuya don kan ya rage rangaji, kuma Ummi ta yarda ta daina fita da ita.

Ban ce miki hankalina ya kwanta ba. Na san mun bar damar ƙarshe ta wuce, kuma da safen nan ma na duba, tsagin bai tsaya ba. Kitson Ummi kuwa mako biyu zai yi ya tsufa, sai na sake, in sake, ina kwaikwayo daga kan Ladi. Tsorona kar kan ya rabe kafin hannuna ya iya. Gobe Litinin za ta shiga aji da shi, ban san me za su ce mata ba. Na tambaye ta ko tana son ɗankwali, ta ce a'a.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Duk kan da kika gyara, duk yarinyar da kika lallasa har ta daina kuka, Allah Ya sa a mizaninki. Ya raya takwararki bisa imani, Ya ba ta ƙarfin ɗaga kanta a cikin mutane. Ni kuma Ya miƙar mini da tsaga. Amin.

Ki huta lafiya.

'Yarki,
Rabi