Rahoton da Ya Rufe Ajin Matan Dar Salam

Daga: Mujtaba Dauda,
Malamin Turanci, Ajin Mata na La'asar,
Dar Salam, Omdurman.

Zuwa ga: Mai Girma Alhaji Salahuddin Dogo,
Shugaban Kwamitin Karatun Manya na Unguwanni,
Omdurman.

Lahadi, 6 ga Nuwamba, 2022.

Game da: Dakatar da ni daga koyarwa da rufe ajina bisa rahoton ranar 23 ga Oktoba, 2022

Ranka ya daɗe,

Bayan sallama da gaisuwar ban girma, ina neman izinin kawo kukana gaban ofishinka. Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa a ƙarƙashin wannan kwamiti, kuma ban taɓa aiko da takarda ba sai ta roƙon alli. Yau dole ce ta sa. Zan yi ƙoƙari in tsaya a kan abin da ya faru, in kuma an ga na karkace a yi mini uzuri.

1. Ɗalibaina mata ne ashirin da uku. Yawancinsu masu sayar da shayi ne a bakin kasuwar Suk Libya, wasu kuma wankau suke yi a gidajen garin Bahri, su tsallako gada su iso aji hannu na ƙanshin sabulu. An yi musu rajistar jarrabawar kwamiti ta ranar 4 ga Disamba, wadda takardarta ke ba mace damar neman aikin taimaka wa majinyata. Sau ɗaya ake yin ta a shekara. Tun ranar 30 ga Oktoba ajin yake rufe, kuma ba a turo kowa a madadina ba.

2. Ranar Talata, 18 ga Oktoba, masu duba aiki biyu suka ziyarce mu, Ustaza Safa Mahadi da Ustaza Samar. Sun tarar da mu a kan darasin da ke kayar da ɗalibai kowace shekara, wato bambance cikamako da karɓau, da gane aikin da yankin jumla yake yi. Na rubuta jumla biyu a allo: Layla called a nurse, da Layla became a nurse. Na yi bayani da Turanci, na maimaita da Larabci, mata suka yi ta gyaɗa mini kai irin na wanda bai ji komai ba amma yana da ladabi. Sai na juya Hausa. Na ce a jumlar farko mutum biyu ne, Layla da wadda ta kira, wannan ita ce karɓau. A ta biyu kuwa mutum ɗaya ce ta sake riga, kalmar ta zo ne ta cika labarin Layla, shi ne cikamako. Na ce yankin jumla kamar Kande yake, babbar ɗalibarmu: da safe mai shayi, da rana uwa, da la'asar ɗaliba, kuma Kande ɗaya ce. Haka yankin jumlar nan na Turanci, in the market, wani wuri ya nuna wace mace ake nufi, wani wuri ya faɗi inda ake ciniki, wani wuri kuma in ka cire shi jumlar ta tsaya da ƙafa ɗaya. Bayanin bai wuce minti biyar ba, kuma da na ba su gwaji, goma sha tara sun ci. Ban musanta na yi Hausa ba. Sashe na tara na ƙa'idar kwamiti ya yarda a taimaka wa ɗalibi da harshen gida idan buƙata ta kama.

3. Rahoton da Ustaza Safa ta sa wa hannu ya ce malamin ya shafe darasi yana wata rutana da mai duba aiki ba ta fahimta ba, saboda haka ba a iya tabbatar da abin da ya koyar. Ranka ya daɗe ka san rutana, sunan da ake yi wa duk harshen da ba Larabci ba idan ana so a rage masa tsawo. Kalmar ba ta dame ni ba, na saba jin ta tun ina yaro. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne cewar ba ta fahimta ba. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma a kansa aka dakatar da ni.

4. Ya zama dole in faɗi ko wace ce mai rahoton. Ni da mahaifinta, marigayi Mahadi, a sansanin 'yan ƙwadago ɗaya muka tashi a Jazira, auduga ɗaya muka tsinta, mota ɗaya ta sauke mu a unguwar Mayo. Ni na riƙe ragon sunanta. Safa sunan takarda ne, a gida Dela muke ce mata. A shekarar 2009 Turanci ya kayar da ita sau biyu a sakandare, har ta ce ta bar karatu. Wata huɗu ina zuwa gidansu bayan la'asar, a kan tabarmar ubanta na koya mata wannan darasi, da waɗannan jumloli biyu, da wannan Hausa. Ranar da ta gane, ta yi ta dariya tana cewa ashe abin nan riga ce kawai. Da Mahadi zai cika a 2015, hannuna ya kama ya bar mini amanarta. Takardar shaidar halin da ta shigo da ita wannan kwamiti tana cikin fayil ɗinta, a duba a ga sa hannun wane ne.

5. Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Da na ga ta shigo ajina da jakar ofis, murna ta ɗebe ni. A wurinmu ba a shigo da baƙo a bar shi ba asali, sai an faɗi ɗan wane ne. Na tsaya gaban aji na ce ga Dela 'yar Mahadi, tamu ce, ku dube ta ku san karatu ba ƙarya ba ne. Mata suka rangaɗa guɗa, Kande ta tashi ta rungume ta tana tuna mata goyon da ta yi mata a Mayo. Na ga fuskar Safa ta daskare. Ta amsa da Larabci, na kuma ji tana gaya wa Ustaza Samar cewa tsofaffi ne, sun ɗauke ta wata ce daban. Sai daga baya na samu labarin cewa a ofis ba wanda ya san Bahausa ce, kuma haka take so a ci gaba. Wallahi ban sani ba. Baki shi ke yanka wuya, nawa ya yanka.

6. Ranar Juma'a, 4 ga Nuwamba, na je gidan su Safa a Mayo don in ba ta haƙuri mu kashe maganar a cikin gida. Mahaifiyarta, Ni'imatu, ta shimfiɗa mini tabarma tana hawaye. Daga inda nake zaune ina jin muryar Safa a ɗaki tana yi wa uwarta magana da Hausa tsantsa. Ba ta fito ba. Saƙo ta aiko mini da Larabci cewa maganar aiki a ofis ake yin ta.

Ranka ya daɗe, na san ruwa ba ya tsami banza, na kuma san abin da ke sa 'ya'yanmu su naɗe harshensu su sa a aljihu kafin su tsallaka gada. Da ta ce ba ta san ni ba ta tsaya nan, da na haɗiye, domin ni na tona ta. Amma ta ɗauki darasin da ya kai ta wannan kujera ta rubuta cewa hayaniya ce, ta rufe wa mata ashirin da uku ƙofar da ita ta bi ta wuce. An ci amanata, kuma ina jin zafinsa fiye da yadda takardar ofis ke ba da damar a faɗa.

Saboda haka ina roƙon ofishinka, cikin ladabi:

(a) a buɗe ajin cikin wannan mako, domin saura kwana ashirin da takwas jarrabawa;

(b) a janye dakatarwar, a kuma cire jumlar nan ta rashin fahimta daga fayil ɗina;

(c) in ana shakka, a turo wanda aka ga dama ya gwada matan a kan darasin, da Turanci zalla.

Akwai roƙo na ƙarshe da ya fi sauran nauyi. Doka ta ce a haɗa ƙorafi da kwafin Larabci, ni kuwa da gangan ban haɗa ba. Kai kaɗai ne a kwamitin kake karanta Hausa, kuma ina so abin da ke sakin layi na huɗu da na biyar ya tsaya a tsakaninmu. In aka fassara shi na ci shari'a, amma Safa za ta tsaya gaban abokan aikinta a matsayin maƙaryaciya, sirrinta kuma ya zama hirar shayin ofis. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Idan babu hanyar wanke ni sai ta fassara wannan takarda, to a yage ta, dakatarwar ta zauna a kaina. A turo wa matan wani malami kawai kafin 4 ga Disamba. Littafin darussana yana hannun Kande, duk wanda ya zo za ta ba shi.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci, ya sa mu gama da duniya lafiya.

Naka mai biyayya,

Mujtaba Dauda